Ƙaramin gyara bai kamata ya jira gwamnati ba

A ƙasar Gumel, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar har kan iyaka a Maigatari, ba ka rasa famfon tuƙa-tuƙa da ya yi wata da watanni a tsaye. Ka tambayi mutanen unguwa, su ce maka sun kai kuka wajen kansila, suna jira. Mata da yara kuwa sun koma doguwar tafiya da jarka a ka. A ganina jiran nan ya yi yawa, domin da dama daga cikin gyare-gyaren hannunmu zai iya su.

Famfo samfurin Afridev an ƙera shi ne a Malawi da Kenya cikin shekarun 1980, da nufin mutanen karkara su riƙa gyara abinsu. Da sifana ɗaya ake buɗe kansa, a zaro sandunan ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an ciro bututun ba. Na taɓa tsayawa a kan irin wannan aiki a ƙauyenmu. Matasa uku ne suka yi shi tsakanin hantsi da azahar. Abin da ya hana gari ruwa wata 'yar roba ce da ta cinye, ba ta kai tafin hannun yaro ba. Famfo yana ba da alama tun kafin ya mutu: hannunsa ya fara lilo, ko a daɗe ana tuƙawa da asuba kafin ruwa ya fito. Wanda aka koya wa sai ya tare matsalar tun tana ƙarama.

Haka batun babur yake. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace tafiya sai an yi mata lissafi. Hanyoyin ƙauyukanmu rairayi ne, ga ƙurar hunturu. Wanda zai ɗauki kaya zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya kamata ya iya wanke matatar iska, ya goge filogi, ya ɗaure kaca, ya sauya baƙin mai a kan lokaci. Matatar da ta toshe mai take shanyewa a banza.

A cikin gida ma, kan famfon da ke ɗiga dare da rana galibi roba ko zare yake buƙata. Ruwan alwala da na wanke hatsi, in aka yi masa 'yar kwata zuwa bayan ɗaki, ya isa ya raya zogale da rama da yakuwa. Tabbas da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wasu za su ce ina son hana makanikai cin abinci. Ko kusa. Birki, buɗe inji, wutar lantarki da famfo irin India Mark II, wanda sai an ɗago bututunsa masu nauyi, duk aikin gwanaye ne, kuma a biya su haƙƙinsu. Mai babur da ya san kayansa ma ya fi sanin darajar bakaniken kirki.

Ina roƙon ƙananan hukumomi huɗu na ƙasar Gumel da hukumar samar da ruwan sha a karkara, RUWASSA, su horar da mutum biyu a kan kowane famfo, har da mace, tunda mata ne suka fi sanin wahalar ruwa. Kwamitin unguwa ya tara ɗan kuɗi ya ajiye akwatin kayan gyara a gidan mai unguwa. 'Yan kasuwar Gumel su kawo robobin famfo, kada sai an je Kano. Kwalejin Ilimi ta Gumel ta koya wa malaman gobe wannan aiki da hannu, su kai shi makarantun ƙauye. Kai kuma magidanci, wannan makon ka sayi sifana da filaya, in za ka yi gyara ka kira 'ya'yanka su riƙe maka.