Kafin a ɗora giyabos ɗin Beljiyam

A wannan makon zancen kasuwa zai ɗan huta, za mu shiga gareji. Ni ba makanike ba ne, ɗan kasuwa ne kamar ku, amma duk wanda ya shekara talatin yana ɗaukar kaya a mota tsakanin Njamena da Kusseri ya zauna a kan bencin gareji fiye da yadda ya so. Abin da na tsinta a wannan benci shi zan raba da ku, a kan giyabos na atomatik na hannu, wanda muke kira ɗan Beljiyam, da 'yan robobin nan da ke tsare masa mai.

Mu fara da yadda abin yake zuwa mana. Giyabos ɗin da ka saya, a wata ƙasa aka ciro shi daga motar da ta yi haɗari ko ta tsufa. Ya kwanta a fili, ya shiga kwantena, ya sauka Duwala ko Kwatano ko Legas. Idan ta Kamaru ne, ya biyo Ngaundere, Garwa, Marwa, ya haye gadar Ngeli. Idan ta Najeriya ne, wataƙila ya kwana a Ladipo ko Ƙofar Ruwa ta Kano kafin ya kama hanyar Maiduguri da Gamboru. Duk tsawon wannan tafiya babu mai da ke zagayawa a cikinsa. Ƙarfe zai jure, roba kuwa bushewa take yi, ta yi tauri, bakinta ya tsattsage. Mai shago zai ce maka "lafiya lau yake, ko ɗigo babu", kuma ba lallai ƙarya yake yi ba. Abin da ba ya aiki ai ba ya yoyo. Sai an ɗora shi, ya yi zafi, ya sha ranar watan Afrilu ta garin nan da ke haura digiri 40, sannan za ka ga jan mai a ƙasa inda motar ta kwana.

Robar da nake nufi ita ce makanikanmu na Najeriya ke kira oyil sil, 'yan nan masu Faransanci kuma su ce juwan sipi. Riƙe sunayen biyu, domin idan ka je wurin mai kayan gyara a nan ka ce oyil sil, zai iya tsayawa yana kallonka. Giyabos ɗin ma buwat suke ce masa.

Wadda ta fi kowacce muhimmanci ita ce ta gaba, wadda ke bakin famfon mai, inda wuyan kwanbata yake shiga. Kwanbata shi ne dunƙulallen ƙarfen nan mai kama da ƙwarya biyu a kife, wanda ke tsakanin inji da giya. Ita wannan roba kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma ba yadda za a kai gare ta sai an sauke giyabos gaba ɗaya. To ga shi a ƙasa yanzu, ba a ɗora ba. Canza ta aikin 'yan mintoci ne. Idan ka bari aka ɗora sannan ta fara zuba, za ka sake biyan kuɗin saukewa da ɗorawa, ka sake sayen mai, motarka ta kwana biyu ko uku a gareji kana hayar ta wani. Wani maƙwabcina a kasuwa haka ta faru da shi ana saura kwanaki Sallah, atamfofinsa na jiransa a Kusseri, motar na kan jak.

Idan an zare kwanbata, ka sa yatsa ka shafa wuyansa da kanka. In ka ji wani layi ya zurma inda tsohuwar roba take gogawa, sabuwa ma ba za ta daɗe ba. Haka idan bushin da ke bayan robar ya ci, wuyan zai riƙa rawa yana cinye ta. Makanike na ƙwarai zai nuna maka wannan tun ba ka tambaya ba. Kuma tunda an buɗe wurin, a duba robar bayan inji, ita ma sai giya ya sauka ake ganinta. Ni dai ba na barin a rufe ba a canza ta ba.

Sauran suna da sauƙi. Motar da ke ja da gaba, irin su Corolla da Camry, tana da roba biyu inda shaf ɗin tayoyi ke shiga. Mai ja da baya, irin Hilux, tana da ta wutsiyar giya. Akwai 'yar ƙarama a sandar da ke canza giya, da zoben roba a gindin bututun geji, sai gasket na kwanon ƙasa. A buɗe kwanon, a wanke maganaɗisun da ke ciki, a duba matata. Baƙin gari mai laushi a jikin maganaɗisu ba komai ba ne. Amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, ko man yana warin ƙuna, ko ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, tsaya nan, ka mayar wa mai shago kayansa. Farin nan alamar ruwa ce, kuma tun ambaliyar 2022 da ta cinye Waliya nake tsoron kayan da aka ce "na gida ne, ba a daɗe da cirewa ba". Shi ya sa tun wurin ciniki ake yin magana a gaban shaida: kwana nawa na gwaji, kuma in an buɗe kwano an ga ɓarna, wa zai ɗauka.

Abu biyu kuma nake roƙon ka tsaya a kansu ko da za a ce ka cika sa ido. Na farko, mayar da kwanbata. A jikin giyabos ake fara zaunar da shi, ana juyawa ana turawa har ya faɗa ciki mataki biyu ko uku, ya zauna sosai. Yaron gareji mai gaggawa zai bar shi a rabi, ya haɗa da inji, ya ga ba su haɗu ba, ya ce bari a ja da noti. Wannan jan shi ke fasa famfo, kuma shi ke nan kuɗinka. Na biyu, a wanke tiyo da wurin sanyaya man giya da ke jikin lagireto. Dattin tsohon giyabos ɗin da ya mutu yana nan maƙale a ciki, ana tada mota zai wuce cikin sabon. Sannan a hana su lafta gam a bakin kwano kamar ana yaɓen ɗaki. Abin da ya yi saura ciki yake faɗawa ya toshe matata.

Sai mai. Ba kowane jan mai ne man giyarka ba. Toyota na da suna shan Dexron, na farkon shekarun 2000 galibi T-IV, na bayansu WS. Honda nata daban ne, giyar CVT kuma nata daban ne ƙwarai. Sau da yawa an rubuta sunan a jikin geji ko a littafin mota. Ka saya da hannunka, galan a rufe, a buɗe a gabanka. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta hana ka shi. Wurin awo, Toyota sai inji na aiki, ya yi zafi, mota a daidaitacciyar ƙasa, an zagaya da giya an dawo P. Honda kuwa bayan an kashe inji ake aunawa. Cikawa fiye da ƙima ma ɓarna ce, man kumfa yake yi ya riƙa fita ta hancin numfashi.

Robar kanta, nemi ta kamfanin motar ko ta sanannen kamfani, ka tafi da tsohuwar a aljihu domin a gwada girma. Araha ba ta ado, balle a wurin da sai an sauke giya ake gyara kuskure.

Bayan an gama, kada ka ɗora kaya ka nufi Mundu ko Abeche washegari. Yi kwana uku kana zagaya gari. Da dare Hajiya ta ba ka tsohon kwali ka shimfiɗa a ƙarƙashin motar, da asuba in ka dawo masallaci ka jawo ka duba. Baƙi na inji ne, ja na giya ne, kuma inda ɗigon ya sauka zai gaya wa makanike robar da zai nema.