Gudu a Turbar Daji: Abin da Kwalta Ba Ta Bayarwa

Duk ranar Asabar, bayan sallar asuba, nakan bar titi in nufi turbar da ke zagaye dutsen Kufena a Zariya. Wani abokina ya taɓa tambayata, cikin zolaya, wa ke kora ta. Amsar da na ba shi ita ce: hawan jini da ciwon suga, waɗanda suka kwantar da da yawa daga cikin sa'o'inmu masu wuni a kujerar ofis.

To amma me ya sa turba, alhali ga kwalta shimfiɗe? Kwalta iri ɗaya ce, taki na farko kamar na dubu, sai nauyin ya riƙa sauka a gaɓa guda. Turba kuwa kowane taki da irin nasa: nan yashi, can tsakuwa, gaba hawa, sannan gangara. Wannan sauyin yana tilasta wa idon sawu da ƙananan tsokoki yin aiki, jiki ya koyi daidaita kansa. Hawa yana motsa zuciya da huhu fiye da miƙaƙƙiyar hanya. Ga shi babu hayaƙin motoci, babu ɗan acaɓa a bayanka. Wanda idonsa ke kan inda zai sa ƙafa ba shi da sararin tunanin bashi ko kuɗin makarantar yara, kuma wannan ma hutu ne.

A wasu ƙasashe abin ya zama babbar gasa. Tun 2003 ake tseren zagaye dutsen Mont Blanc, kimanin kilomita 170, daga garin Chamonix na Faransa, a ratsa Italiya da Suwizalan a dawo. A nan gida, Jihar Kuros Riba ta fara tseren hawan dutsen Obudu a 2005, mai tsawon kusan kilomita 11, kuma 'yan gabashin Afirka ne suka fi lashe shi. Ba abin mamaki ba ne, domin a hanyoyin ƙasa na tuddai suke atisaye, irin na garin Iten a Kenya. Mu ma muna da tuddan Jos da na Mambila, sai dai ba mu ɗauke su a bakin komai ba.

Sai dai, mai karatu, daji ba ya son gaggawa. Akwai targaɗe, akwai maciji, akwai kuma matsalar tsaro da ta hana mu wurare da dama. Kada ka fita kai kaɗai, ka riƙe ruwa, ka shaida wa iyali inda ka nufa, ka tsaya kusa da gari. Mai fama da ciwon zuciya ya fara ganin likita. Ka soma da tafiya, sannan sassarfa. A hawa mai tsanani ko gwanaye takawa suke yi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda gine-gine ke cinye waɗannan turbobi kowace shekara. Idan hukumomin tsara birane ba su keɓe wasu ba, 'ya'yanmu za su tashi ba su da wurin gudu sai gefen titi.