Laƙabin Ofis Ya Fi Sunan Mutum Daɗewa

Duk ma'aikatar da ke da uwar garken imel, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonninta tana rarraba su, tana da abin koyi a tsarin sarauta. Galadima yakan rasu ko a tuɓe shi, amma wasiƙar da aka aika wa Galadima ba ta rasa mai karɓa, domin da sarautar ake magana. Laƙabin imel ma haka yake: adireshi ne da ba shi da akwatin kansa, sai dai ya miƙa saƙo ga wanda ke riƙe da muƙamin a lokacin.

Aikin ba shi da wuya. A manhajojin Postfix da Sendmail, ana rubuta laƙabin a fayil ɗin /etc/aliases, a sa ruwa biyu, a biyo da sunan mai karɓa, sannan a ba da umarnin newaliases. Idan magatakarda ya bar aiki, layi ɗaya za a gyara, jama'a kuwa su ci gaba da rubutu zuwa adireshin da suka sani. Ƙa'idar RFC 5321 ta 2008 ma ta wajabta wa kowace uwar garke karɓar saƙon da aka aika wa laƙabin postmaster.

Inda ake kuskure shi ne karkatar da laƙabin zuwa akwatin Gmail na ma'aikaci. Masu yin haka sukan ce a nan ne mutum ya fi duba saƙo a wayarsa, kuma gaskiya ne. Sai dai akwai tsarin SPF, wanda ke bincika ko uwar garken da ta kawo saƙo tana da izinin aikawa da sunan mai shi. Wadda ta tura saƙon gaba ba ta cikin masu izinin, don haka ana iya jefa shi cikin tarkace ko a ƙi karɓarsa. Dabarar SRS, mai sauya adireshin mai aikawa, takan rage wannan matsala, amma ba ta magance wadda ta fi ta girma: ranar da ma'aikacin ya tafi, wasiƙun ma'aikatar na shekaru sun bi shi.

Saboda haka ya dace kowane laƙabi ya ƙare a akwatin da ma'aikatar ta mallaka, a saita wa ma'aikaci wayarsa ta riƙa karantawa daga can. Sarki goma zamani goma, amma takardun fada a fada suke zama.