Mai Kallo Ba Alƙali Ba Ne

A majalisun Sabon Gari nan Sakkwato, da zarar an ta da zancen fim ɗin yaƙi, hukunci ya riga ya fito: duk fim ɗin da ya nuna ɗan ta'adda yana da uwa, yana so, yana shakka, to wanke shi ake yi, kuma ɓata Arewa ne. Ban yarda ba.

Ɗauki The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, fim ɗin Hausa da aka ɗauka a Taraba, wanda ya ci kyautar gwarzon fim ta AMAA a 2020. Maryam Booth ta fito a matsayin Zainab, 'yar Fulani mai tallar nono da mahara suka sace, ta auri ɗaya daga cikinsu, har ta rungumi aƙidarsu. Hukumar tace finafinai ta ƙasa ta sa aka yanke kimanin minti 24 kafin ta bari a nuna shi. Haka a 2014 ta jinkirta fitar Half of a Yellow Sun, mai labarin yaƙin basasa. Hukuma da 'yan kallo tsoro ɗaya suke ji: kada a ga abin da ke faruwa.

To mu a jihar nan wa za mu ɓoye wa? A Sabon Birni da Isa, manomi na biyan 'yan bindiga haraji kafin ya girbe gonarsa. Maci amana ne, ko uba mai neman abincin 'ya'yansa? Matar da ta dawo daga daji da goyo fa, a karɓe ta ko a yi ta nuna ta da baki? Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa, amma mu da ke kwana cikin birni mun fi kowa saurin yanke hukunci.

Gaskiya ne fim na iya ƙawata mugu, kuma ya kamata a soki wanda ya yi haka. Amma nuna yadda yaro ya zama makashi daban, yafe masa daban. Wanda aka koya wa cewa ɗan ta'adda dodo ne ba zai gane shi ba ranar da ake ɗaukar ƙanensa aiki.

'Yan gudun hijira sun cika unguwanninmu. Kafin mu tsine wa Zainab ta cikin fim, mu tambayi kanmu yadda muke karɓar irinta idan ta zo neman ɗakin haya.