Gyaran wuta daga sito yake farawa

A daminar bara unguwarmu ta kwana goma sha ɗaya cikin duhu. Ma'aikacin da aka turo bai yi minti goma a gindin taransifoma ba ya gano ciwon: fiyus biyu sun ƙone, guntun kebul ya narke. Ya buga waya ofis, aka ce littafin mai sito ya nuna akwai kayan. Da ya je, kanta wayam. An ɗauke su tun tuni an kai wani aiki, ba wanda ya rubuta. Kullum da safe sai ya dawo da tsaninsa da safar hannun da ta yage a babban yatsa, matasa suna jifansa da baƙaƙen maganganu, shi kuwa kansa a ƙasa.

Mutumin nan ya tsaya mini a rai, domin na tabbata a ofis za a rubuta cewa ya yi jinkiri. Da me zai yi saurin?

Tun Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar wuta ta sha nanata cewa sayen taransifoma da falwaya da waya nauyin kamfani ne, ba na jama'a ba. Amma mu karo-karo muka yi, har da zawarawa, muka sayo kebul ɗin a kasuwa.

Abin da nake kira a yi ba sabo ba ne a duniya. Kowane kaya a manna masa lamba, a shigar da shi kwamfuta ranar da ya shigo, a rubuta wanda ya fitar da shi da aikin da aka kai shi. In fiyus ko man taransifoma ya kusa ƙarewa, na'urar ta sanar tun kafin hadari ya haɗo. In babu a wannan sito, a gani nan take cewa akwai a na maƙwabta. Shi ma mai sito mai amana ya huta da zargin sata, wanda ke karkatar da jan ƙarfe kuma asirinsa ya tonu. Sai dai a koya wa ma'aikatan sito aikin sosai, a ba su sola. Na'urar da ba a shigar mata da gaskiya ba, tsohon littafin ne ya sake riga.

A Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana. Kamfanin da ke karɓar irin wannan kuɗi ya kamata ya san fiyus nawa ke kan kantarsa yau da safe.