Laifin Kare Ne Ko Namu?

Kwanan baya a Dutsi na iske wani mafarauci yana jibgar karensa, wai ya kama shi yana cin kashi a bayan gari. Na ce masa, "Malam, sanda ba za ta raba shi da wannan hali ba." Tun asali kare mai tsince-tsince ne, ko karya takan lashe kashin 'ya'yanta don tsabtace makwancinsu. Yunwa da tsutsar ciki kuma suna ƙara masa kwaɗayi. Abin tsoron shi ne ya dawo gida ya sa baki a kwanon yara. Don haka a ƙosar da shi, a nemo maganin tsutsa wurin likitan dabbobi, a riƙa zuba kashin yara a masai. Abin da ba mu bari a fili ba, kare ba zai ci ba.