Ƙaramar kwaleji a ƙauyen Amurka: a duba aljihunta kafin sunanta

Yawancin iyayen da ke fafutukar tura 'ya'yansu karatu Amurka sunaye kaɗan suka sani: Harvard, Stanford, MIT. Idan yaro ya kawo takardar samun gurbi daga wata makaranta wai ita Grinnell ko Berea, aka duba taswira aka gan ta tsakiyar gonaki, sai gwiwar uba ta yi sanyi. Tsoron yana da tushe, amma a ganina ana saurin yanke hukunci, kuma yara masu hazaƙa na rasa dama saboda haka.

Waɗannan kwalejoji digirin farko na shekara huɗu suke bayarwa, daidai da na kowace jami'a. Bambancinsu yana cikin tsari. Ɗalibi yakan taɓa fannoni daban-daban, lissafi da tarihi da kimiyya da harsuna, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ya zaɓi inda zai ƙware. Kuma ƙanana ne ƙwarai. Grinnell, wadda aka kafa a 1846 a jihar Iowa, ɗalibanta ba su kai 2,000 ba, garin da take ciki kuwa bai cika mutum 10,000 ba.

Wannan ƙanƙantar ita ce ribarsu ta farko. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin lacca da mutum ɗari biyar, ana leƙen allo ta taga, ya san darajar malamin da ya san sunan ɗalibinsa. A waɗannan makarantu farfesa da kansa yake shiga aji, shi yake karanta rubutun ɗalibi ya mayar masa da gyara. Kwalejin Williams, da ke wani ƙaramin gari a jihar Massachusetts tun 1793, tana da darussan da ɗalibi biyu kacal ke zama gaban malami duk mako: ɗaya ya rubuto maƙala, ɗayan ya yi mata suka, mako mai zuwa su yi musanya. Wanda ya sha wannan horo ba zai fito bai iya rubutu da kare hujja ba. Robert Noyce, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Intel, a Grinnell ya gama digirinsa a 1949. Patrick Awuah ma irin wannan tarbiyya ya samu a kwalejin Swarthmore, ita ya kwaso ya kafa Jami'ar Ashesi a Ghana a 2002.

Riba ta biyu kuɗi ne, ko da yake kallon farko yana firgitarwa. Kuɗin shekara a fitattun cikinsu ya haura dala 80,000 idan an haɗa da ɗaki da abinci. Sai dai masu ƙarfin asusu suna ɗauke wa ɗan talaka mafi yawan nauyin. Dukiyar wakafin Grinnell ta haura dala biliyan 2. Berea, a jihar Kentucky, wadda aka kafa a 1855, ba ta karɓar kuɗin karatu daga kowa, sai dai kowane ɗalibi ya yi wa makarantar aikin aƙalla awa 10 a mako.

To, amma akwai ɗaya gefen, kuma bai kamata a ɓoye wa yaro ba. Ƙauye ƙauye ne ko a Amurka. Daga Grinnell zuwa filin jirgin Des Moines tafiyar kusan awa guda ce a mota, lokacin hunturu kuwa sanyi yakan sauka ƙasa da sifili na tsawon makonni. Yaro Musulmi zai iya tarar da babu masallacin Juma'a a kusa, babu mahaucin da ke sayar da naman halal, sahur da buɗa-baki kuma shi da abokai biyu ko uku. Idan hutu ya zo 'yan ƙasa suka watse, shi ke zaune a ɗaki. Kaɗaici na karya yara fiye da wahalar karatu, musamman wanda bai taɓa nisa da gida ba.

Sai batun fanni. Yawancinsu ba su da tsangayar injiniya, karatun likitanci da na lauya kuwa a Amurka sai bayan digirin farko ake shiga. Wanda burinsa ya fito da sana'a a hannu cikin shekara huɗu, ya sake tunani.

Abin da ya fi damuna shi ne rufewa. Kwalejojin da ba su da wakafi mai kauri da kuɗin ɗalibai suke rayuwa, ga shi haihuwa ta ragu a Amurka tun rikicin tattalin arzikin 2008. Green Mountain a jihar Vermont ta rufe a 2019. Iowa Wesleyan, mai tarihi tun 1842, ta bi sahu a 2023, Wells a jihar New York kuma a 2024. Idan makaranta ta rufe, ɗan ƙasa zai tattara kayansa ya koma gida ya nemi wata. Baƙo kuwa bizarsa a ɗaure take da makarantar, ga dokokin shiga ƙasar suna ta ƙara tsauri.

Saboda haka hukuncina shi ne: ƙaramar kwaleji mai ƙarfin asusu ta fi wa yaro mai son karatu amfani a kan jami'a mai dubban ɗalibai inda ba wanda zai lura ko ya zo aji. Mai raunin asusu kuwa a guje ta, komai daɗin tayin rangwamen da ta yi. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Iyaye, kafin ku sa hannu, ku nemi amsar abu huɗu a rubuce: nawa ne wakafin makarantar, shin tallafin na shekara huɗu ne ko na ɗaya, ina ɗalibai Musulmi ke sallar Juma'a, kuma ina baƙi ke zama lokacin hutu. Sannan ku zaunar da yaron ku tambaye shi tsakani da Allah ko zai iya zaman. Shi ne zai yi shekara huɗun a can.